Ruwan da Marguerite Ta Rufe

'Yan maruƙa biyu na wani makiyayi Hashim sun mutu bayan sun sha a ramin da masu lambun kusa da Dumega suke wanke famfunan feshinsu. Makiyaya suka ce ko a gyara ruwan, ko a tashi lambunan gaba ɗaya. Irmiya, shugaban masu lambu, mutum ne mai saurin baki. Ba wanda ya tambaye shi, ya yi alkawari gaban maigari cewa 'yarsa Priscille, mai karatun kimiyya a Yamai, za ta kashe gubar, kuma shi da bakinsa zai sha ruwan kowa na gani.

Priscille ta ji haushi, amma bakin alƙalami ya bushe. Ta zo da wani farin gari mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, wanda in rana ta dake shi cikin ruwa sai ya farfasa maganin ƙwari. Akwai kuma jan ruwa a 'yar kwalba, da yake komawa shuɗi in da guba. Ranar gwajin da safe ta cika daro da ruwan ramin, ta zuba garin, ta girke shi tsakar gida inda rana take ƙwallewa, ta hau kabu-kabu zuwa Tibiri karɓo matatar da za ta tace ruwan. Taya ta fashe a hanya, ba ta dawo ba sai la'asar.

Ta tarar an cika ƙofar maigari, makiyaya a gefe guda da sandunansu a kafaɗa. An riga an kawo daron, ga shi a tsakiya, da faifai a kansa. Ta kutsa cikin mutane ta nufi daron.

Mahaifiyarta Marguerite ta matso tana murmushin wadda ta yi abin kirki. Ta raɗa mata cewa ta ga ruwan da maigida zai sha an bar shi buɗe cikin rana kamar gidan ƙazamai, shi ne tun hantsi ta ja shi inuwa ta rufe.

"Inna, ranar ita ce maganin," in ji Priscille.

Ba lokacin bayani. Irmiya ya riga ya ɗebi ruwan a ƙoƙo yana ta jawabi. Priscille ta durƙusa ta ɗiba da murfin kwalba, ta ɗiga jan ruwan. Ya koma shuɗi nan take. Ta kira Irmiya sau biyu, surutu ya hana shi ji, ƙoƙon kuwa ya kai haɓarsa.

Ta tashi ta buge hannun ubanta. Ƙoƙon ya faɗi ya tsage, ruwa ya jiƙa masa gaban riga. Wata tsohuwa ta kama baki.

"Baba, gubar tana nan. Ni na yi kuskure," ta ce, ba ta dubi inda uwarta take ba.

Hashim ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya ce ɗiyar da ba ta rufa wa ubanta ƙarya ba, su ma ba za ta yi musu ƙarya ba. Sun ba da kwana ɗaya, amma gobe shi zai zauna gadin daron.

Irmiya ya sunkuya ya tsince ɓarin ƙoƙon. Priscille ta bi bayansa har gida tana jiran ko da zagi ne. Bai waiwayo ba.