Awa Ɗaya a Mako

"A cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani aikin da aka biya ka, ko da na awa ɗaya ne?"

Basiru, ma'aikacin ƙidayar da hukuma ta turo, ya karanta tambayar da muryar wanda ya maimaita ta sau arba'in tun hantsi. Mati ya gyara zama bisa tabarmar ƙofar gidan mai unguwa. Damina biyu ke nan gero bai yi ba, rumbunsa kuwa sai ɓeraye. Kowa a layin ya san ƙa'idar: wanda takarda ta nuna ba shi da aiki, za a ɗauke shi yasar magudanar ruwa, a riƙa ba shi masara.

"Kullum ina fita," in ji Mati. "Da na idar da asuba nake kama hanyar Watari a ƙasa. In tsaya bakin lambu tare da 'yan ƙwadago har la'asar, ko wani zai kira."

"Tsayuwa ba ta da gurbi a nan, Baba. An kira ka?"

"Ranar Laraba. Mun loda kwandunan tumatir a mota."

"Tsawon wane lokaci?"

"Daga sallame azahar har inuwar mangwaro ta taɓa tayar motar."

Basiru ya auna inuwar a ransa, ta ba shi awa ɗaya cif.

Nababa, wanda ya kwashe makon a gindin durumi yana dara, ya riga ya shiga jerin marasa aiki. Ya leƙo daga gefe. "Kai Mati, wa ya aike ka? Ni ko tsinke ban ɗaga ba, ga shi gwamnati ta san da zamana."

Aka yi dariya. Basiru bai yi ba. Ya sassauta murya.

"Baba, ban rubuta ba tukuna. Ka ce ba ka yi komai ba. Ni ban ji zancen Laraba ba."

Mati ya tuna tukunyar matarsa Larai, wadda jiya ba a ɗora ta ba sai da yamma. Ya dubi kaushin ƙafafunsa. Kalmomin kaɗan ne, ya ma jera su a bakinsa, suka ƙi fita.

"Ɗana, abin da na samo ranar an dafa shi, mun ci, mun yi hamdala. In dawo in ce ban yi ba? Rubuta."

Basiru ya rubuta, a hankali, a gurbin masu aiki.

Mati ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, sannan ya sunkuyo cikin ladabi.

"To, tunda takarda ta ce ina da aiki, duba mini inda yake, in je gobe."

Basiru ya juya takardar gaba da baya. Daga nan ya kira na gaba.