Muryar Mai Buɗe Ruwa

Ɗana Barau gyaran rediyo yake yi a kasuwar Kura, yana kuma noman albasa a bakin ƙaramar hanyar ruwa ta gefen Bunkure. Wata Talata ya zo mini da wata oba-oba, rediyon da ma'aikata ke magana da juna da shi, da ya tsinta cikin tarkace ya gyara. In ya murɗa ta, sai ga muryoyin ma'aikatan ruwa raɗau.

"Baba, saurara."

Muryar Mustapha ce, mai buɗe mana ƙofar ruwa. Wani yana ce masa ya rufe ɓangarenmu kwana huɗu, ya juya wa wata babbar gonar shinkafa. Mustapha ya ce to.

Na ce, "Kashe abin nan. Da kai ake magana? Ɗauri kake nema."

"Haba Baba, a iska fa na kama. Iska ta gwamnati ce?"

Ashe ya riga ya naɗa a waya. Kafin azahar ya tura wa ƙungiyar manoma.

Da la'asar na iske su a bakin ƙofar ruwan, sun fi arba'in, da fartanya da shebur. Mustapha na cewa, "Umarni aka ba ni, ku je ofis!" Wani ya kanga masa waya a kunne. "Muryar uban wa ce wannan?" Sai ƙotar fartanya a ƙeya. Ya faɗi kan siminti, suka rufe shi da duka. Na ji ƙarar karyewar hannunsa. Na kutsa ina Allah ya isa, aka fasa mini goshi. Suka ja shi ta ƙafa suka jefa a ruwa. Da muka tsamo shi, babu rai.

Washegari 'yan sanda suka tara mu a ƙofar gidan mai gari. Babbansu ya ce satar sauraron maganar ma'aikata laifi ne, naɗa ta da yaɗa ta ya fi muni, balle an yi kisa a kai. Masu dukan kuwa kowa ya ce yana gona.

Babban ɗan sandan ya dubi ƙullin da ke goshina. "Baba, kai dai kana wurin. Daga hannun wa muryar nan ta fito?"

Barau na tsugune a gefena, yana taɓa mini ƙafa. Matar Mustapha na tsaye can baya da goyo.

Na ce, "Tashi, Barau. Ɗauko musu oba-obar."