Rigar Na'urar Hoto

Ɗinkin ta fara gani. Tana wucewa ta ƙofar ɗaki na biyu da tiren magunguna a hannu, idonta ya faɗa kan na'urar ɗaukar hoton ido. An lulluɓe ta da sabuwar riga ta shuɗin yadi, an kalmashe bakin sau biyu, an bi shi da jan zare. Sista ta ja ta tsaya. Ta san hannun nan. A aljihunta akwai 'yar jaka mai irin wannan kalmasa, wadda take saka fitilar duba ido a ciki. Shekara tara ke nan da Baba Tela ya ɗinka mata ita.

"Anti, kin ga kwalliyarmu?" in ji yarinyar da kowa a asibitin yake kira Mai Hoto. Ta shafa yadin tana murmushi. "Baba Tela ne ya aiko jiya. Wai kada ƙura ta shiga idon abokiyarsa."

"Ya yi kyau," Sista ta ce, ta wuce.

Kafin zuwan na'urar, wata huɗu da suka shige, ɗaki na biyu nata ne. Takan ja labule, ta ɗiga wa mutum magani ƙwayar idonsa ta buɗe, ta leƙa da fitila har can ƙurya, sannan ta zana abin da ta gani a bayan kati da fensir ja da shuɗi. Likita kan ɗaga zanen ya nuna wa ɗalibai. Da na'ura ta iso, sai aka tura Mai Hoto kwas na mako uku, ita da ba ta cika shekara biyu da fara aiki ba. Sista kuma aka mayar da ita baranda, wurin allon haruffa.

Wajen ƙarfe goma layi ya zo kan Baba Tela. Ya zauna a kujera yana gyara hula, igiyar awo na rataye a wuyansa kamar kullum. Ciwon suga ya riga ya dusashe masa idon hagu. Da na dama yake zura zare a allura, da shi yake ciyar da gida.

"'Yata, an mayar da ke mai gadin allo ke nan?"

"An mayar, Baba. Rufe na hagu. Ina wannan ya kalla?"

Ya karanta har layi na shida ba gargada. Sai ya rage murya. "Kwana uku ke nan ina ganin walƙiya ta nan gefe, ba hadari ba komai. Ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje, ina kora ba sa koruwa. Uwargida ta ce tsufa ne."

Sista ta san waɗannan alamun, ba na tsufa ba ne. Ta cire murfin biro, ta kai shi kan gurbin da ake rubuta koken mara lafiya.

"Amma bari dai jikata ta ɗauka mu gani," ya ci gaba, yana leƙen ƙofar ɗaki na biyu, inda Mai Hoto take. "Hoto ba ya ƙarya. Ke ma kin huta da ƙura wa mutane ido kamar mai neman ɓataccen maɓalli."

Ya yi dariya. Ita ma ta yi. Ta mayar da murfin biron, ta miƙa masa katin, gurbin nan fari fat.

Daga inda take tana jin komai. Mai Hoto ta ce ya ɗora haɓa, ya kalli ɗigon kore. Haske ya wulga. Can sai muryar Baba Tela, cike da mamaki kamar yau ya fara gani.

"Ikon Allah! Duk wannan a cikin kaina yake? Ji jijiyoyi kamar saiwa!"

"Tas yake, Baba. Babu jini, babu kumburi. Sai bayan wata shida."

Sista ta san abin da na'urar take gani: tsakiya kawai. Gefe, can inda tantanin ido yake fara yagewa, sai an buɗe ƙwayar ido da magani an bi shi a hankali. Yarinyar ma ta san haka. Da an rubuta mata walƙiya a kati da ba ta sallame shi ba.

Ya fito yana ɗaga mata hannu. "'Yata, an wanke ni! A gaida gida."

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Ta kira na gaba, wata mata mai goyo. Tana nuna haruffa da sanda, amma zuciyarta ta tsallake mako biyu. Ta hango Baba Tela ya dawo an riƙo hannunsa, Likita yana juya kati yana tambaya wa ya sallame shi. Ta hango Mai Hoto tsaye, laifin ya hau kanta. Ta hango an buɗe mata ɗaki na biyu, ana cewa a kira Sista. Abin ya yi mata daɗi, daɗin da ya ba ta tsoro.

"Sista, na gama layin tun ɗazu," in ji mai goyon.

Hannun Sista yana cikin aljihu. Babban yatsanta yana bin kalmasar nan, ɗinki bayan ɗinki, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ido ɗaya ne ya jera su.

Ta ajiye sandar a kan kujera.

A bakin titi ta cim ma Baba Tela, ƙafarsa ɗaya a cikin bas. Kwandasta yana buga ƙofa.

"Baba, sauko."

"Lafiya? Na manta wani abu?"

"Sauko dai."

"Hajiya, in za ki shiga ki shiga, in ƙwace mana fasinja kika zo yi ki faɗa!" in ji kwandastan.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta kama hannun rigar tsohon har ya sauko.

A ɗakin ajiyar kaya ta zaunar da shi, don nan ne kawai ke da duhu. Ta ɗiga magani, suka jira ƙwayar idon ta buɗe, yana ta mitar aikin da ya bari a kan keke. Sannan ta zare fitilar daga jakarta.

"Kalli sama. Sama sosai. Yanzu karkato wajen kunnenka. Kada ka motsa."

Ta daɗe a sunkuye har wuyanta ya ƙage. Sai ga shi, can sama ta gefe, 'yar yagewa kamar inda ƙusa ta kama riga. Tantanin bai ɗago ba tukuna. Ta juya katin, ta ciro fensir ja da shuɗi. Hannunta bai manta ba.

Likita ya duba zanen, ya duba idon da kansa, ya gyaɗa kai. "Yau za a liƙe shi da hasken leza. Da ya ƙara kwana uku da wani zance ake yi." Ya juya ga Mai Hoto. "Gwada ki samo mana hotonsa, mu tura tare da shi wurin aikin."

Mai Hoto ta ɗora katin a cinya. Tana kallon zanen tana karkata na'urar, tana ce wa Baba ya kalli can, ya ƙara kaɗan. A karo na biyar yagewar ta fito a gefen allo, ja, ƙarara. Likita ya leƙa baranda ya kira ɗalibai. Ɗakin ya cika, kowa yana miƙa wuya.

"Ban gaya muku ba?" in ji Baba Tela, ido na hawayen magani. "Na ce hoto ba ya ƙarya! Jikata, riga ta biyu tana nan tafe, har da aljihu."

"Anti ce ta gano shi, Likita," Mai Hoto ta ce. "Ni bin zanenta kawai na yi."

"Ai Sista tsohon hannu ce," in ji Likita, bai juyo ba. Yana nuna wa ɗalibai allon da bakin biro.

Sista tana tsaye a jikin ƙofa. Mai Hoto ta ratso mutane ta zo kusa da ita, katin a hannunta. Ta juya shi daga bayan da ke da zane zuwa gaba, ta tsaya a kan gurbin nan fari. Ta yi magana ƙasa ƙasa, yadda ba mai ji sai su biyu.

"Anti, na tsorata wallahi. Da ya tafi, ni ce na sallame shi." Ta ɗago ido. "Da safe bai gaya miki komai ba?"

A bayansu Baba Tela yana ba ɗalibai labarin ƙudajen da ba sa koruwa, suna dariya.

Sista ta dubi katin, ta dubi yarinyar. Ta saka fitilar a jakarta, ta ja zaren bakin ta ɗaure. Fensiran biyu ta ajiye a kan teburi, kusa da shuɗiyar rigar da aka ninke. Sannan ta bi ta bayan ɗaliban ta fita baranda, inda mai goyon nan take zaune har yanzu, tafin hannunta a kan ido ɗaya.