Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Tun da Baba ya rasu ba wanda ya sake furta sunansa a ƙauyenmu Yuendumu, don al'adarmu ta hana ambaton sunan mamaci. Kumanjayi muke cewa, kamar yadda ake ce wa kowane mamaci, har yaron maƙwabta mai suna irin nasa sai da ya haƙura da sunan. Mama kuwa ta shiga takaba irin ta mutanenmu, ba ta magana sai da hannu.

Ana cikin haka sai ga wani kamfanin karɓar bashi da shegiyar wayarsu. Wai Baba bai gama biyan kuɗin firji ba. Kullum sai sun kira lambarsa, kuma da an ɗauka sai su rangaɗa cikakken sunan a kunnen mutum. Wayar nan kuwa ba ta kashuwa, don ta nan ƙanena Cedric yake kira daga birnin Adelaide, inda ake masa wankin ƙoda. Shi yake ta surutu, Mama tana saurare, da haka suke gaisawa. To, matar da ba ta magana, ta yaya za ta ce wa baƙo ya rufe mata baki? Sai ta jefar da wayar, ta tafi bayan gida tana kuka.

Ranar da na iso daga garin Alice Springs na tarar ta daina ɗauka gaba ɗaya. Cedric ya yi ta kira har ya ɗauka fushi take da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna a baranda da shayina, wayar a cinya, ina jira.

Da ta yi ƙara na ɗauka, ban ma bari mai kiran ya buɗe baki ba.

"Tsaya, ɗan samari. Ni ce Roslyn Nangala, 'yarsa. Wanda kake nema ya rasu, kuma kada ka kuskura ka faɗi sunansa."

Ya ce sunansa Hamish, ya yi ta'aziyya irin ta haddace, sannan ya ce ƙa'ida ita ce in faɗi cikakken sunan mamacin kafin ya tsayar da kiran. Ka ji min yaro! Na ce masa mu ma muna da ƙa'ida, kuma ta girmi kamfaninsu nesa ba kusa ba. Na bayyana masa abin da sunan nan yake yi wa Mama, na ƙara da cewa lauyar da ke taimaka wa mutanenmu kyauta za ta aika musu takardar mutuwa, in kuma suka sake kira ita za ta amsa musu. Ya fara inda-inda.

"Sunan yana gabanka, ko ba haka ba? To ka karanta da ido. Ni zan ba ka ranar haihuwa da ranar rasuwa."

Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin yatsunsa a kan kwamfuta. Can ya ce an gama, ya tambaya a hankali me ya kamata ya kira mamacin. Na ce masa Kumanjayi. Ya gwada, harshe ya ƙi, ya sake gwadawa har ya kama.

Da yamma wayar ta sake ƙara. Mama ta zabura ta toshe kunne. Na duba, na kama hannunta na ɗora mata wayar.

"Mama, ɗanki ne. Ɗauka, ba mai sake kira sai shi."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta kai ta kunne da hannu biyu.