Saniyar da Ke Kan Allon Ƙofar Gari

"Goge ta, na ce."

"Kawu, saniyar fa ka ce?"

"A'a, raƙumi na ce! Akwai wata dabba a allon ban da ita?"

Zailani ya tsaya a kan tsani, buroshi a hannu, fenti na ɗiga kan yatsun ƙafarsa. Ƙungiyar ci gaban garin Mabai ce ta sa shi ya zana tambarin gari a allon ƙarfe, a kafa bakin sabon titin da ake zuba wa kwalta. Kawunsa Alhaji Mamuda shi ne shugabanta.

Tambarin ba ƙirƙirar Zailani ba ne. Daga tsohuwar ƙofar zauren mai gari ya kwafo shi: damin dawa a dama, saniya a hagu, igiya guda ta ɗaure su biyun. Tsofaffi sun ce kakanni ne suka sa aka sassaƙa shi bayan wata shekarar yunwa, shaida ce cewa in an gama girbi shanun ruga za su shiga gonaki su ci kara su bar taki, kuma ba mai korar wani.

"Wanga zamani ne na takin buhu," in ji Alhaji Mamuda. "Gwamnati na kawo shi mota-mota. Ka zana buhu, ka zana tarakta. So kake baƙi su wuce su ce har yau kashin shanu muke jira?"

Zailani bai ga laifinsa ba. Mutumin nan garma ce ta lanƙwasa masa baya, ko ruku'u sai ya dafa gwiwa da ƙyar. Amma zuciyar Zailani tana ruga, wajen Zulaihatu ɗiyar Baba Mani, wadda in ta yi dariya sai ya manta kalar da yake haɗawa. Baba Mani kuwa ya faɗa a kasuwa, kowa ya ji: ranar da aka cire saniya daga tambarin, ya san zamansu ya ƙare, zai kaɗa shanunsa ya yi kudu da iyalinsa.

"Ba zan iya ba, Kawu."

"Hannunka ne ya ƙage, ko ƴar mutane ce ta riƙe shi? Sauko, sarkin soyayya, ba ni nan!"

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya hau tsanin yana nishi. Ya tsoma buroshi a farin fenti ke nan sai ga Zulaihatu ta ɓullo daga hanyar burtali. Ta durƙusa.

"Ina wuni, Alhaji. Baba ne ya aiko ni. Ya ce ya ga an kwashe dawa, shin a shigo da shanu cikin gonarka kamar kullum, ko bana buhu ya ishe ka?"

"Gatse ya aiko ki yi mani?"

"Wallahi tambaya ce. Ya ce in a'a ne ba komai, don ya san ta inda za ya bi."

Ba ta dubi Zailani ba, shi ma bai iya dubanta ba.

Alhaji ya juya ga allon. Hancin saniyar na daidai fuskarsa. Yana jariri uwarsa ta rasu, kuma da nonon wannan rugar aka raine shi. Mahaifiyar Mani ce take ba shi da ludayi, tana goye da ɗanta. Bai taɓa mantawa ba, ya dai daɗe bai tuna ba.

Farin fenti ya gangaro masa har gwiwar hannu.

"Kai, wanga yaro," ya ce, "mi ya sa ka yi mata ido kamar za ta yi magana?"

Ya sauko a hankali, ya miƙa wa Zailani buroshin.

"Taraktar ka zana mani ita a ƙofar shagona, babba, ja. Saniya ta zauna inda take. Ke kuma Zulai, tahi ki ce ma Mani ya buɗe ma shanunsa gonata. Ki ce mashi kuma ya share waje ya shimfiɗa tabarma, ina nan tahe da goro a kan maganar wanga sakaran."