Tankin Fetur a Bushe

Tsohon mai walda ya karya wa shugaban yadin yankan ƙarfe hannu da guduma.

Ga yadda aka yi. Da yaƙi ya cinye maza, gwamnati ta kafa doka: duk ƙarfen da ke gari a kawo yadi, a yanka, a tura masana'antar makamai. Aka kwaso mata, aka koya musu yankan ƙarfe da wuta cikin kwana huɗu. Shi da ya shekara arba'in a sana'ar, aka ce hannunsa na rawa, aka ba shi tsintsiya. Autarsa aka ba wuta da baƙin tabarau. Har tsiya take masa: "Baba, share can, ma'aikata za su wuce."

Ya haɗiye wannan. Abu ɗaya ne ya ƙi haɗiyuwa. Tankin da ya taɓa shan fetur, ko ya shekara a bushe, ba a sa masa wuta sai an cika shi da ruwa, don tururin yana nan ciki. To ruwan ma ya shiga doka: bokiti biyu kowane gida, yadi ko ɗigo. Makon jiya wata mai goyo ta yanka durom a bushe, ya tashi da ita. Shi ya share abin da ya rage nata. Takalminta ɗaya a kan rufi aka same shi.

Ran nan da hantsi aka jawo tankin babbar mota. Tsoho ya kai hanci bakinsa, ya ɗago.

"Yallaɓai, a kawo ruwa."

"Shara aka ba ka, ba baki ba," in ji shugaban. "Ke, Auta, kunna."

"Baba, ya bushe fa," Auta ta ce. "Kada ka ja mana."

Shugaban ya damƙi hannunta, ya ƙyasta ashana, wutar yankan ta kama. Nan guduma ta sauka. Ƙashi ya ce ƙas.

Sojoji biyu masu gadi suka rufe tsoho da gindin bindiga. Haƙora suka zube, haƙarƙari ya tafi. Da suka gaji, ya ja ciki, jini na bin sa, ya shige ƙarƙashin tankin, ya kwanta daidai inda aka ja alli za a yanka.

"To yanka, 'yar nan," ya ce. "Ba ya bushe ba? Me zai same ni?"

"Yanka da shi!" shugaban ya kwatsa, rungume da hannu. "Ko a kashe katin abincin gidanku yau."

Wutar na huci a hannunta. Daga inda yake kwance, tsoho ya ga ta waiwaya. Shugaban da sojojinsa suna ja da baya, har sun laɓe bayan katanga.

Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta murɗe gas, wutar ta mutu. Ta cire tabarau, ta jefar.

"Ba zan yanka ba."