Buhunan Baba Mati

"Riƙe bakin buhun sosai, Ɗanliti! Yashi ne, ba ƙanwarka ba, ba zai yi kuka ba."

Na yi dariya, na riƙe. Baba Mati maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Yana ɗura yashi da shebur yana tari, muna tsaye a gefen maƙabartar ƙauyenmu.

Tun da kamfani ya fara aikin titin da zai fita Bici, suka share gambar da ke riƙe ƙasar tudu, suka tara jar ƙasa, ba su tare ta da komai ba. Ruwan sama na farko ya gangaro ja wur, ya yanka kwazazzabo, ya doshi kaburbura. Na Inna Barira, matar Baba Mati, shi ne a baki-baki.

Ya je wurin mai kula da leburorin. Mutumin ya tashi ya ba shi benci.

"Baba, dokar aiki ma ta ce a gina magudana, a jera buhuna kafin damina. Kayan ne ba su iso ba."

"To ita daminar, an gaya mata ta jira?"

Shekarar nan sau ɗaya ake ɗora tukunya a yawancin gidaje. Buhunan hatsin Baba Mati duk sun zama wayam, su ya kwaso don ya tare ruwan.

"Da can gero suke ci," in ji shi, "yanzu su ma sun koma cin ƙasa."

Idan ruwa ya kwashe wasu, sai ya jera wasu. 'Yarsa Safiyatu ta zo daga Makoda ta same shi a jiƙe.

"Baba, don Allah ka bari. Inna tana hannun Ubangiji."

"Na sani. Amma na ce mata zan kwanta kusa da ita. In wurin ya tafi fa?"

Sanyi ya shiga ƙirjinsa. Ranar da na shiga duba shi, yana kan tabarma a zaure, an lulluɓe shi da bargo.

"Ɗanliti, an yi ruwa?"

"An yi, Baba."

"Ya ci?"

"Kaɗan."

Ya juya fuskarsa bango. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Masu haƙa kabari suka je, suka dawo kansu a ƙasa. Gefen kabarin Inna Barira ya zabtare, ko tsayuwa ba a yi a wurin. Liman ya ce a kai shi sabon fili, yamma da gari.

Hanyar ta bi ta bakin tsohuwar maƙabarta. Ina riƙe da makara daga gaba. Da muka zo daidai kabarin, ba wanda ya ce a tsaya, ƙafafunmu ne kawai suka tsaya. Can ƙasa, jan ruwa yana wucewa a hankali.